Kakarmu ta rasu bayan shekara sittin tana sharar majami'a: yadi za mu buga ko me?

Jikar_Kaka_Yelwa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Da yawanku kun riga kun ji, kakarmu ta wajen uwa ta koma ga Ubangiji ranar Talata da asuba a gidanta na Yelwa, nan Garwa a arewacin Kamaru, aka binne ta ranar Alhamis. Waɗanda suka tashi a unguwar sun fi saninta da Kaka Mai Tsintsiya. Mun gode wa duk wanda ya tako ya zo, da wanda ya kira, Allah ya saka.

Shawara ce ta kawo ni. An sa sujadar godiya nan da wata biyu, amma kan gidan ya rabu. Kawunnanmu suna so a buga yadi mai hotonta, kowa ya ɗinka anko, a yanka sa, a kafa rumfuna. Ni da wasu jikokin zuciyarmu ba ta kwanta ba.

Ga dalilina. Tun ina 'yar shekara shida nake kwana ɗakinta. Kowace Asabar kafin gari ya waye takan tashe ni in riƙe mata bokiti. Idan mun isa majami'a ba ta fara shara sai ta yayyafa ruwa da hannu, layi layi, don kada ƙura ta hau kujeru. Daga gaba take farawa tana ja da baya har bakin ƙofa, sannan ta zauna ƙarƙashin darbejiya ta wanke 'yan kofunan Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake ci ake sha don tunawa da Almasihu, ɗaya bayan ɗaya, ta kife su a kan farin ƙyalle. Kuɗin baikon da za ta bayar a majami'a a bakin zane take ɗaure shi tun daren Juma'a don kada ta taɓa shi a kasuwa. Ko hoto ba ta yarda a ɗauke ta ita kaɗai, sai ta jawo yaro ta tsayar a gabanta. Matar nan ce za mu buga fuskarta a zane, a yi ta zama a kai? Ku da kuka binne iyaye da kakanni, yaya kuka yi?

Mama_Zumunta:
Ubangiji ya ta'azantar da ku 'yata. Uwa muka rasa mu ma. Ita ta koya mini ɗaura kallabin zumuntar matan ikkilisiya ranar da aka karɓe ni, ina amarya ban san kowa a Garwa ba. Zan dawo kan maganar yadin, yanzu hawaye ba su bar ni ba.

Malam_Lopere:
Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ni Musulmi ne, amma katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu shekara goma sha ɗaya kafin mu tashi. Duk azumi, rana na gab da faɗuwa sai ka ga ƙwaryar kunun gyaɗa ta ƙetaro katanga. Da Kirsimeti kuma mahaifina take kira ya yanka musu akuya, don dukan layin su ci ba tare da wani ya yi shakka ba. Ba wanda ya ce ta yi haka. Ranar da mahaifiyata ta rasu, ita ta kwana uku a tsakar gidanmu tana wanke kwanonin 'yan gaisuwa.

Tela_Jambutu:
Ni tela ne, kuma idan an buga yadin mu za mu samu aiki, amma gaskiya ɗaya ce. Bugun hoto ba a yin kaɗan, sai an tara da yawa, kuma kullum ana rage turame jibge a ɗaki. Na sha ɗinka irinsa, bayan shekara biyu in gan shi an mai da shi labule ko tsumman goge tebur, fuskar mamacin a ƙasa. Idan dai anko ake so, a sayi atamfa guda a kasuwa, ko ta masaƙar CICAM, kowa ya yanka ya ɗinka. Ya fi sauƙi, ya fi mutunci.

Kawu_Rumde:
Ni ɗanta ne, na biyu a ɗakinta, kuma ni na kawo maganar yadin, don haka bari in faɗi nawa. 'Yata, na ji abin da kika rubuta, ba ki yi ƙarya ko ɗaya ba. Amma ku jikoki kun same ta ne bayan wahala ta yi sauƙi. Mu muka ga lokacin da jiragen ruwa suka daina zuwa saboda yaƙin Biyafara, babanmu ya zauna ba aiki, ita ke soya ƙosai a bakin hanya tun duhun asuba ta biya mana kuɗin makaranta mu bakwai. A rayuwarta ba a taɓa tara mutane don ita ba. Ba biki, ba walima, ba komai. Kullum ita ce a bayan tukunya a bikin wasu. Ina so sau ɗaya garin nan ya ga fuskarta ya tambaya, wace ce wannan? Idan hakan laifi ne, to na yi.

Jikar_Kaka_Yelwa:
Kawu, ka yi haƙuri, ban kawo maganar nan don in kunyata ka ba. Ban taɓa jin ka faɗe ta haka ba sai yau.

DanBinuwai61:
Allah ya ji ƙanta. Tambaya nake da ita: shekarunta nawa ne takamaimai? A wajen jana'iza na ji an ce 87, a gida kuma wani ya ce ta haura casa'in.

Kawu_Rumde:
Katin shaidarta "née vers 1938" aka rubuta da Faransanci, wato an haife ta wajen 1938. Da shi aka yi lissafi.

Dalibi_Ngaundare:
Baba, wannan "vers" ɗin ai ba abin dogara ba ne. Ma'aikaci ne yake duban fuskar mutum ya rubuta shekarar da ta zo masa. Duk kakanninmu haka katinsu yake. An fi gane shekaru da abin da mutum ya gani da idonsa. Akwai wani babban abu da take yawan ba da labarinsa?

Jikar_Kaka_Yelwa:
Akwai. Takan ce ranar da rana ta yi husufi, kaji suka nufi akurki da rana tsaka, tana daka ne a gidansu can ƙasar Numan a Najeriya, kuma a lokacin har an fara zuwa neman aurenta. Mahaifiyarta kuma ta gaya mata a shekarun fara aka haife ta.

Dalibi_Ngaundare:
To ai ga amsa. Babban husufin da tsofaffin yankin nan suke tunawa na watan Mayun 1947 ne. Yarinyar da ake neman aurenta a lokacin ba za ta zama 'yar shekara tara ba, sai dai sha huɗu ko sha biyar. Farar ma ta yi ɓarna sosai a farkon shekarun 1930. Ni dai zan ce wajen 1932 ko 1933. Ta haura casa'in ke nan.

Bako_Njamena:
Ku gafarce ni, ni daga Chadi nake bin maganar. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, yaya aka yi Kirista a Garwa take sujada da Hausa? Na ɗauka can da Fillanci da Faransanci ake yi.

MaiBishara_Pitowa:
Ɗan'uwa, gaskiyarka, Fillanci ne ya fi ƙarfi a nan, har gidan rediyon Sawtu Linjiila na Ngaundare da Fillanci yake watsa shirye-shiryensa. Amma kogin Binuwai ya kawo mutane da yawa daga wajen Yola da Numan tun zamanin da jiragen ruwa ke hawowa da damina su kwashi gyaɗa da auduga a tashar Garwa. A Numan ɗin nan mishan na ƙasar Danmak suka zauna tun 1913, likita Niels Brønnum ne ya fara, kuma Hausa ta zama harshen karatu da waƙa a ikkilisiyoyin wancan gefe. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ya fito. Waɗanda suka ƙetaro sun zo da shi a cikin kayansu. Nan gefenmu kuma tarihin daban ne: mishan 'yan ɗarikar Lutaran na Amurka da na Nowe su suka kafa aiki a wajen Ngaundare a shekarun 1920, wasu Lutaran ɗin kuma suka bi ta Lere da Yagwa. Su Kaka suka zo suka tarar da waɗannan, suka shiga ciki, amma ba su ajiye littafin waƙoƙinsu na Hausa ba.

GoggoMarwa:
Idan lissafin ɗalibin nan daidai ne, ita da Littafin Hausa sa'annin juna ne ke nan. Ikon Allah.

Jikar_Kaka_Yelwa:
Goggo, nata ma tsohuwar fassarar ce, ba ta taɓa yarda ta canza ba. Da sabuwar ta fito wajen 1980 an saya mata, ta karɓa ta gode, ta ba wa mamata. Nata yana nan a naɗe cikin wani tsohon kallabi, bangon ya rabu ta ɗinke shi da zare. Da busasshen ganyen darbejiya take sa alama. A shafin farko da na ƙarshe ta rubuta sunayenmu, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa kunne, da fensir, har wuri ya ƙare ta koma gefen shafi. Bayan idonta ya tafi sai ta riƙa ɗora tafin hannu a kan shafin tana kiran sunayen da ka, ba ta tsallake ko ɗaya.

Auta_Ce:
Zan faɗi abin da kowa ke kaucewa, wanda zai ji haushi ya ji. Ni ce na yi jinyarta shekara uku na ƙarshe. Shekara sittin tana share wa ikkilisiya ɗaki, ba a taɓa ba ta ko sefa ɗari ba, ita ma ba ta nema ba. To da ta makance ta kwanta, mutum nawa suka taka ƙofar gidan nan? Matan zumunta sun zo, ba zan ci amanarsu ba. Amma manyan da suke zama a kujerun da ta goge, sau biyu na gan su, na biyun ma ranar da ta cika ne. Ranar jana'iza kuwa kowa ya karɓi makirfo yana kiranta ginshiƙi. Ni ba ruwana da yadi, ba ruwana da sa. Abin da ke cin raina shi ne akwai wasu tsofaffi huɗu irinta a unguwar nan yanzu haka, suna kwance, su ma ana jira su mutu a yabe su.

DanBinuwai61:
Maganar Auta akwai ɗaci amma ba ƙarya a ciki. Haka aka yi wa tawa kakar.

Dattijon_Ikkilisiya:
Auta, 'yata, na karanta sau biyu kafin in amsa. Ina cikin waɗanda kike nufi, kuma ba zan kare kaina ba. Mun gaza. Littafin da muke karantawa ma bai bar mana mafaka ba: a Ayyukan Manzanni sura 6, ƙorafin farko da ya tashi a ikkilisiya a kan gwauraye mata ne da ake mantawa da su wajen rabon abinci, shi ya sa aka zaɓi mutum bakwai. Wasiƙar farko zuwa ga Timoti sura 5 ma ta yi maganar rubuta sunayen gwaurayen da suka kai shekara sittin. Mu ba mu da ko takardar sunayensu. Abu ɗaya kawai zan ƙara, ba don in wanke mu ba. Shekarun baya mun taɓa yanke shawarar a riƙa ba ta ɗan abin sabulu duk wata. Ni aka aika da ambulan ɗin. Ta karɓa da hannu biyu, ranar Lahadi na gan shi a cikin kwandon baiko ko buɗewa ba ta yi ba. Daga nan muka ce ai ba ta so, muka saki jiki. Kuskurenmu shi ne mun ɗauka wanda ya ƙi kuɗi ya ƙi ziyara.

Auta_Ce:
Baba, na gode da ka amsa. Ban san zancen ambulan ɗin ba. Amma sunayen huɗun nan zan kawo maka har gida gobe.

Matashi_Kusuri:
Ni fa ina ganin wannan tsarin ne gaba ɗaya yake buƙatar gyara. Me ya sa shara da girki da wankin kofuna kullum a kan mata tsofaffi yake, kuma kyauta? Mai gadi ana biyansa, mai gyaran janareta ana biyansa. A ɗauki ma'aikaci a biya shi, a bar tsofaffi su huta.

Mama_Zumunta:
Ɗana, ba ka san ta ba shi ya sa. Akwai shekarar da matasa suka ce sun karɓi sharar don ta huta. Asabar biyu ta zauna a gida, ta uku suka iso suka tarar ta gama tana ɗaure tsintsiya. Ta ce musu wasu da murya suke yabon Allah, ita da wannan aka ba ta. Hana ta shara ba hutu ba ne a wurinta. Amma inda na yarda da kai, samari su ma su riƙa sunkuyawa, ba a rubuta a ko'ina cewa tsintsiya ta mata ce ba.

Kuma ba shara kaɗai ba ce. Lokacin da ruwa ya ci unguwannin bakin kogi a 2012, wasu suna cewa ruwan sama ne, wasu suna cewa sakin madatsar Lagdo ne, ita ba ta tsaya wannan gardama ba. Tana da wajen shekara tamanin ta sa muka kafa murhu uku a harabar majami'a, tuwon dawa da miyar kuka safe da yamma. Ba ta iya ɗaga muciya a lokacin, sai ta zauna kan kujera 'yar tsugunne tana ƙirga kwanoni, tana cewa a fara ba masu goyo.

Yar_Mubi:
Ni ma bari in sa baki. Da Boko Haram suka shiga Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, da ƙafa muka ƙetaro ni da yarana uku, daga baya mota ta kawo mu Garwa. Ba na jin Faransanci, Fillancina kuma na gaisuwa ne. A bakin majami'a na ji wata tsohuwa ta ce, "Sannunku da hanya, kun sha ruwa?" Jin Hausar nan kawai na durƙushe ina kuka. Wata huɗu muka yi a ɗakinta. Ita a tabarma, mu a gado, na yi na yi ta ƙi. Ƙaramin ɗana yana firgita da dare, sai ta ɗauke shi ta goya, tana zagaya tsakar gida tana yi masa waƙar sujada a hankali har ya yi barci. Yanzu yana sakandare. Da na gaya masa rasuwar bai ci abinci ba ranar. Duk abin da kuka yanke, yadi ne ko ba yadi ba, ku sa ni a lissafi.

Nas_Garwa:
A asibiti na san ta, ban ma san sunanta ba sai Kakan Alhamis, don ranar take zuwa da fulas ɗin kunu da kofunan roba. Majinyatan da ba su da mai jinya take nema, ba ta tambayar addini. Idan Musulmi ne takan ce Allah ya ba da lafiya ta wuce, idan Kirista ne ta tambaya ko yana son addu'a. Shawarata ga iyali: kuɗin sa guda zai yi kunun Alhamis na tsawon lokaci. Amma ku sani, kuɗi ba shi ne matsalar ba, mai tashi ya dama ya kai shi ne.

Tela_Jambutu:
Wannan ita ce magana. Asusu irin wannan na ga an buɗe da yawa a wajen makoki, wata uku sai ka ji shiru.

GoggoMarwa:
Ni ina bayan Kawu_Rumde, kada ku taru ku danne shi. Labarin Tabita da ke Ayyukan Manzanni sura 9, da ta mutu ai riguna gwaurayen suka ɗaga suna nuna wa Bitrus. Mutum yana son abin da zai riƙe a hannu. Zanen da muka yi na mahaifiyata yana ƙasan akwatina shekara goma sha biyu, ban mai da shi tsumma ba, duk ranar da ta rasu nake ɗaura shi.

Dalibi_Ngaundare:
Goggo, da girmamawa, rigunan nan Tabita ce ta ɗinka musu da hannunta, ba su suka yi don tunawa da ita ba. Ni abin da zan roƙi iyali shi ne a zauna da su Mama_Zumunta da sauran tsofaffin a naɗi muryarsu a waya tun suna nan. Tarihin ikkilisiyoyin nan da muke karantawa duk sunayen mishan ne da fastoci. Matan da suka ɗebo ruwan kwaɓa ƙasar ginin farko ba ko ɗaya a ciki. Idan an yarda, ina zuwa Garwa da hutu, zan rubuta kyauta.

Malam_Lopere:
Idan za a yi naɗin nan a zo wajen yayata ma. Tare suka yi ta zuwa kasuwar Pitowa sarin gyaɗa, sai dai ita Kaka ranar Lahadi ba ta zuwa sai an tashi sujada, ta tarar an kwashe mai kyau, ba ta taɓa fasawa ba.

Kawu_Rumde:
Na karanta duka. Maganar Auta ta hana ni barci, don ni ma a shekara ukun nan kuɗi na fi aikowa fiye da zuwa. Maganar yanka sa na janye, a yi da awaki biyu. Amma yadin ban janye ba tukuna. Ko ba hoto, ina so a ga 'ya'yanta da jikokinta cikin kaya iri ɗaya ranar. Sai babban yayanmu ya iso daga Yawunde mu zauna.

Bako_Njamena:
A sanar da mu ranar da wuri, mu na nesa. Akwai wasu tsofaffi biyu 'yan Numan a nan da suka ce sun san ta, suna son zuwa idan hanya ta yi kyau.

Jikar_Kaka_Yelwa:
Na gode muku duka, zan karanta wa mamata da dare, ita ba ta riƙe babbar waya. Baƙo, da zarar an tsai da rana zan rubuta. Ɗalibi, ka zo, akwai masauki. Nas, kunun Alhamis ɗin nan mai zuwa ni da Auta za mu dama, na gaba kuma ban yi alkawari ba sai mun ga yadda aikina zai bari. Ki turo mini lokacin da ake barin masu ziyara su shiga.

Mama_Zumunta:
'Yata, makullin ɗakin kofunan nan yana wajenku? A wuyanta yake rataye kullum har bayan ta kwanta, mu mukan aiko a karɓa. Jibin Ubangiji wannan Lahadin ne.

Auta_Ce:
Yana ƙarƙashin matashinta, Mama. Zan kawo Asabar da asuba, ki ce wa mai gadi ya bar famfo a buɗe.